Kafin Ka Rataya a Fiffike, Fara da Kufena

Wata Asabar bayan la'asar ɗan yayata ya same ni a ƙofar gida a Unguwar Rimi, riƙe da kwalin da ya zana wani abu mai kusurwa uku a kai. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Kawu, irin fiffiken nan na hotonka da ke falo nake so in haɗa. Na je Panteka, wani mai walda ya ce in kawo kuɗin bututu da tampol, sati biyu ya gama." Gabana ya faɗi. Amma can cikin raina daɗi na ji, domin na daɗe ina neman wanda abin nan zai kama zuciyarsa yadda ya kama tawa. Na ce ya shigo mu zauna. Abin da na faɗa masa daga lokacin har aka kira isha'i shi zan rubuta a nan, don na san ba shi kaɗai ne yaron Kaduna da ya ga mutum yana shawagi a bidiyon waya ya kasa barci ba.

Ni fiffiken rataya nake ce masa, saboda rataye mutum yake a ƙarƙashinsa, rub-da-ciki. Ba inji, ba fetur. Firam ne na bututun alminiyam da aka ɗame da wayoyin ƙarfe, aka shimfiɗa masa yadin Dacron wanda iska ba ta ratsawa. Faɗinsa daga baki zuwa baki kusan mita 10, nauyinsa kilo 25 zuwa 35, wato bai kai buhun siminti ba. In an naɗe shi jaka ce doguwa ta mita 5 zuwa 6, a ɗora bisa mota. Kada ka haɗa shi da lemar shawagi, wadda yadi ce zalla da igiyoyi, mutum yana zaune a ƙasanta kamar a lilo. 'Yan'uwan juna ne, iska ɗaya suke ci, amma tuƙinsu daban.

Tuƙin fiffike da nauyin jiki ake yi. A gabanka akwai alwatika ta bututu uku, kana riƙe da sandar ƙasa. Ka jawo sandar wajen cikinka, nauyinka ya koma gaba, hancin fiffike ya sunkuya, gudu ya ƙaru. Ka tura ta gaba, gudu ya ragu. Ka cika turawa, fiffiken ya daina ɗauka, hanci ya faɗi. Ka matsar da ƙugunka dama, ya karkata dama. Iyakar ke nan. Na ɗalibai yana cin kamar mita 8 gaba duk mita 1 da ya sauka, na 'yan gasa ya kai 15. Amma wanda ya san inda iska ke hawa ba sauka kawai yake yi ba: a 2012 wani Ba'amurke, Dustin Martin, ya tashi daga Zapata a jihar Texas ya yi kilomita 764 bai taɓa ƙasa ba. Wannan ya fi nisan Kaduna zuwa Legas in an miƙe ta sama.

Maganar Panteka na fara kashewa. Ina girmama mutanen Panteka, babu abin ƙarfe da za ka nuna musu su kasa kwaikwayo, kuma injin markaɗen gidanmu nasu ne. Sai dai fiffike ba a kwaikwayonsa da ido. Bututunsa alminiyam ne irin na jirgin sama, kuma da ƙusoshi masu noti ake haɗa shi, domin zafin walda yana kashe ƙarfin irin wannan alminiyam daidai inda aka ƙona. Abu na biyu ya fi wannan muni. Fiffiken da ke sunkuyawa da gudu dole ya iya ɗago hancinsa da kansa, kuma sirrin wannan yana cikin 'yar murɗiyar da ke bakin fikafikan da lanƙwasar sandunan cikin yadin, abubuwan da hoto ba ya nunawa. Da rayuka aka sayi wannan ilimi. Otto Lilienthal na Jamus ya yi shawagi sama da sau 2,000, har tudu ya gina wa kansa na mita 15 kusa da Balin don gwaji, amma a Agustan 1896 fiffikensa ya daina ɗauka, ya faɗo, washegari ya cika. Francis Rogallo da matarsa Gertrude sun nemi rajistar fiffike mai laushi a 1948, John Dickenson na Ostareliya ya haɗa shi da alwatikar riƙo a 1963, sai matasan Amurka da Turai suka rufa a kai a farkon shekarun 1970, wasunsu da gora da leda. Da yawa sun mutu saboda yadin yakan saki yana kaɗawa, fiffiken ya nufi ƙasa ya ƙi ɗagowa. Daga nan aka kafa dokar gwaji: a ɗora fiffike bisa mota ta musamman a yi gudu da shi ana aunawa, a kuma tabbatar zai ɗauki nauyin matuƙinsa ninki shida bai karye ba. Fiffiken da bai bi ta nan ba, ko kyauta aka ba ka, ka bar shi a ƙasa.

Yaron ya yi shiru, ya naɗe kwalinsa. Na ce kada ya yar, ya ajiye, sati mai zuwa ya shirya za mu Zariya.

Dutse da ƙafa

Makarantar farko a nan gida take, kuma kusan kyauta ce. Ka yi asuba, ka shiga motar Zariya a Kawo, tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka, ka nemi mai keke ya kai ka Wusasa. Kufena na tsaye a bayan garin, dutse ne guda sul da ya taso daga cikin gonaki, irin wanda tsofaffin Zazzau suka zauna a gindinsa tun kafin birnin ya zama yadda muka san shi. Mai lafiya ba ya cin awa ɗaya bai kai sama ba.

Kada ka sa ƙafa kan dutsen mutane ba ka yi sallama ba. Ka nemi mai unguwa ko dattijon da ke kusa, ka gaisa, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka roƙi a haɗa ka da yaron da ya san hanya, ka kuma sallame shi da abin kirki in kun sauko. Wannan ladabi ne, kuma tsaro ne. Ba za mu ɓoye wa kanmu halin da jihar nan ta shiga ba. A Afrilun 2019 'yan bindiga sun kai hari gidan dutsen nan na Kajuru da baƙi ke zuwa hutawa, mutum biyu suka rasa rayukansu. Saboda haka kafin kowace fita ka kira wani ɗan garin a waya ranar da za ka tafi, ba jiya ba. In ya ce a dakata, ka dakata. Ku tafi ku uku ko huɗu, a gida a san inda kuke da lokacin dawowa, kuma la'asar ta same ku a ƙasa.

Kaya ba su da yawa. Takalmi kambas mai taushin ƙasa wanda ke kama dutse, ba silifas ba, ba sau-ciki mai santsi ba. Wando mai kauri saboda ƙarangiya da ƙaya, hula mai baki, ruwa lita 2 zuwa 3 kowane mutum, dabino da ƙuli-ƙuli ko gyaɗa, tocila, bandeji. Kaya masu duhu da turare mai ƙarfi a bar su gida, domin ƙudan zuma na zama a tsagar duwatsu, kuma in sun taso wa mutum a gefen gangare, gudun da zai yi ya fi harbin haɗari. Kada ka cusa hannu a ramin da ba ka ga cikinsa ba, kada ka taka bayan dutse ba ka leƙa ba. Kububuwa, wadda ake wa kirari gobe-da-nisa, da kasa, duk suna son irin wurin nan. In tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafi.

Hawa a hankali ake yi, da gajeren taku, tafin ƙafa duka a kan dutse. Mu kan yi kabbara in muna hawa, mu yi tasbihi in muna gangarowa, yadda aka ruwaito sahabbai na yi, kuma na lura yana daidaita numfashi. Saukowa ta fi hawa cin mutane, domin gwiwa ta gaji, hankali ya riga ya koma gida. Inda ya yi tsayi ka juya gefe, ko ka zauna ka ja gindi, babu kunya a ciki. Dutsen da ruwa ya jiƙa kuwa sabulu ne, musamman inda baƙin zanen ruwa ya bi.

In Kufena ya zama maka gida, sai ka nufi kudu ta Kachiya da Zonkwa zuwa Kagoro. Can ba dutse ɗaya ba ne, jerin tsaunuka ne da suka haura mita 1,200 daga matakin teku, da mutane zaune a samansu suna noma. Yini guda ake ba shi, da ɗan jagora daga garin. Ranar 1 ga Janairu suke bikin Afan, garin ya cika maƙil, don haka mai son shiru ya zaɓi wata rana. In ka sauko da sauran ƙarfi, ruwan Matsirga na nan kusa da Kafanchan. A ganina ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi kowane lokaci: ruwa ya ɗauke, ƙasa kore shar, hazo bai sauko ba tukuna.

Karatun iska

A nan nake so ka daɗe, domin wannan shi ne ainihin abin. Riƙon sanda cikin kwana goma ake koyonsa. Iska kuwa shekaru take ci, kuma wanda ya tafi makarantar fiffike da idon da ya saba kallon iska ya riga abokan karatunsa da nisa.

In ka kai saman dutse, kada ka tsaya ɗaukar hoto ka juya. Ka kafa karan dawa, ka ɗaura masa tsinken atamfa mai tsawon kamu biyu, ka zauna da littafi da agogo. Duk minti goma ka rubuta daga ina iska ke zuwa da ƙarfinta. In ganye na motsi ba tsayawa, ƙyallen ya miƙe a hankali, kana wajen kilomita 12 zuwa 19 a awa, irin iskar da ɗalibi ke so. In ta fara ɗaga ƙura da takardu, ƙananan rassa na rausaya, ta haura 20. In ƙyallen na fizga, yanzu gabas an jima arewa, ranar ba ta tashi ba ce. Ka kalli hayaƙin masu ƙona gona a ƙasa, ka kalli ƙurar babur a kan burtali, ka kalli fuskar tafki: gefen da ruwa ya kwanta lumui, daga can iska ke fitowa. Matan da ke shiƙar hatsi a masussuka sun san wannan karatu tun kafin a haife mu. Ka lura da yadda mace ke tsayawa da ƙwarya a sama tana jira, ba ta zubawa sai iskar ta zo daidai.

Iska iri biyu ke ɗaga fiffike. Ta farko ita ce wadda ta bugi fuskar dutse ta rasa hanya sai sama. Muddin tana busawa, mutum zai yi ta kai da kawowa a gaban dutsen bai sauka ba. Amma abin da ke gaba mai daɗi, a baya mugu ne. Ka tsaya kan gadar Kogin Kaduna da damina ka dubi yadda ruwa ke yi a bayan kowane dutse: yana murɗawa, yana komowa baya, yana nutsewa. Haka iska ke yi a bayan tsauni, a bayan dogon gini, a bayan jerin bishiyoyin mangwaro, sai dai ita ba a ganinta. Ranar da iska ke da ƙarfi ka zagaya bayan Kufena da ƙyallenka, ka ga yadda zai riƙa faɗuwa yana tashi yana nuna ko'ina. Ka riƙe wannan hoton a kanka. Fiffiken da ya shiga nan, ƙasa za a maka shi.

Ta biyu ita ce wadda na fi ƙauna, ina ce mata tururin ƙasa. Rana ta gasa dutse, ko gonar da aka nome, ko rufin kwano, ko kwalta, iskar da ke kansu ta yi ɗumi ta yi sauƙi, sai ta ɓalle ta hau kamar ginshiƙi. Tana hawa tana hucewa, wajen digiri 1 duk mita 100, har ta kai inda danshinta zai zama gajimare. Farin gajimaren nan mai shimfiɗaɗɗen gindi da kai kamar tulin auduga, hular tururi ce. A kan dutse za ka ji ta: wuri ya yi tsit, zafi ya dame ka, sai ganyen ƙasa su fara motsi, iska ta hauro fuskarka minti biyu ko uku, ta ɗauke. Ka duba agogo. Za ka ga tana dawowa kusan a kan ƙa'ida, kuma daga hantsi zuwa azahar ƙarfinta ƙaruwa yake.

Malamanka a wannan darasi suna sama. Wata safiya a Kufena, wajen goma da rabi, ina zaune da wani dattijo makiyayi da ya hauro neman akuyarsa. Shirwa guda ta taso daga wajen gonaki tana kaɗa fiffike da ƙyar, ƙasa da inda muke. Da ta iso saman wani falalen dutse sai fiffikenta na hagu ya ɗan ɗaga, nan take ta karkata ta juya wajen, ta daina kaɗawa. Ta yi kewaye ɗaya, biyu, uku, ta iso daidai idonmu har ina ganin yadda take murza jelarta mai baki biyu, ta wuce mu, kafin minti biyar ta zama ɗigo. Wasu uku suka taso daga wurare daban suka shiga ƙarƙashinta. Na ce, "Baba, ka ga abin da ta yi?" Ya ce, "Yaro, kullum nan take hawa. In rana ba ta taɓa falalen can ba, ba za ka gan ta ba." Abin da matuƙin fiffike ke yi ke nan, ba ragi ba ƙari: gefen da ya ɗaga, can tururin yake, ka juya cikinsa ka yi ta kewaye. Mu muna da 'yar na'ura, bariyo, mai ƙara tana tsananta in ana hawa. Shirwa da ungulu da shamuwa a jikinsu suke ji.

Sai abubuwa biyu da za ka ji tsoro. Guguwar bazara, wadda ke murɗa ƙura da ledoji a Maris da Afrilu, tururi ne da ya yi fushi. In kana ganinta a fili, ba tashi ba sauka a wurin. Na biyu hadari. Namu yawanci daga gabas yake tasowa, kuma kafin ɗigon farko akwai iska mai sanyi da ke riga shi isowa da ƙarfin da ke yaye kwano. Gajimaren hadari kuma yana zuƙar abin da ke ƙarƙashinsa. A 2007 a Ostareliya ya zuƙi wata matuƙiyar lema daga Jamus har kusan mita 10,000, ta suma, ƙanƙara ta rufe ta, Allah ya yi da sauran kwananta. Wani ɗan Sin da hadarin ya haɗa da shi bai tsira ba. In farin gajimare ya fara tsawo fiye da faɗinsa, gindinsa na duhu, a sama kake ko a kan dutse, ka nemi ƙasa. Hunturu kuma nasa daban: iskar arewa maso gabas, da hazon da ke hana manyan jirage ma sauka a Kaduna. Wanda ba ya ganin filin saukarsa ba shi da dalilin tashi.

Jiki kuma a shirya shi. Ba ƙarfin dambe ake nema ba, gudu ake nema da nauyi a kafaɗa. Jarkar ruwa mai lita 25 nauyin fiffiken ɗalibi ce. Ka saba ɗaukarta kana hawa tudu, ka riƙa zagayen Dandalin Murtala da safe, ka koyi gudu da dogon taku kanka a ɗage.

Inda malamai suke

Daga nan sai tafiya, domin wannan ba a koyonsa a YouTube, kuma ba a koyonsa wurin aboki. Ka fara da tashin goyo, inda ƙwararre ke tuƙi kai kana rataye a gefensa, don ka san ko cikinka zai ɗauka kafin ka zuba kuɗi. Kusa da mu akwai bikin lemar shawagi na Kwahu a Gana, wanda aka fara a 2005, ana yinsa lokacin Ista daga dutsen Odweanoma a sauka Nkawkaw. Lema ce ba fiffike ba, amma sama ɗaya ce. Ni aiki ne ya kai ni Afirka ta Kudu, na koya a tuddan yashi na bakin teku tsakanin George da Knysna. Duk makarantar da za ka, ka tambayi lasisin malamin daga ƙungiyar ƙasar, ka tambayi takardar gwajin fiffiken, ka ga ko na ɗalibai yana da tayoyi a sandar ƙasa. Malamin da ya ce gobe-gobe zai kai ka babban dutse, ka karɓi kuɗinka.

Kwanakin farko a fili ake yinsu. Ka haɗa fiffike, ka zagaya shi kana taɓa kowace ƙusa da kowace waya da hannu, kullum ta hanya ɗaya, in an katse ka da magana ka koma farko. Ka ɗora alwatika a kafaɗa, fuska ga iska, fikafikai a daidaice, hanci ba sama sosai ba, ido can nesa ba kan ƙafa ba. Tafiya, sassarfa, gudu. Za ka ji nauyin ya bar kafaɗarka, igiyar bayanka ta ɗame. A nan kowa ke kuskure: ya ji an fara ɗaga shi sai ya yi tsalle ya naɗe ƙafa, fiffiken kuwa bai gama samun gudu ba, sai hanci a yashi. Ka ci gaba da gudu har ƙafarka ta taka iska. Riƙo kuma sako-sako, yadda ake riƙe ƙwai. Ranar da na fara barin ƙasa, tsayin bai wuce mita 2 ba, daƙiƙa shida ko bakwai, amma na ji ƙarar yashi a ƙafata ta ɗauke ɗif, sai shuuu ɗin iska a wayoyi. Har yau in na rufe ido ina jin wannan shirun.

Akwai abu ɗaya da nake so ya zauna maka daram. Rigar da kake kwance a ciki da ƙugiya ɗaya take haɗe da fiffike. Mutane da dama, har da ƙwararru, sun mutu don sun ruga daga dutse ba su maƙala ta ba. A kwana na tara, an kai mu tudu mai tsayi, na riga na maƙala, sai hular kwanona ta dame ni, na cire ƙugiya na fita na gyara. Na dawo na ɗaga fiffike, iska ta zo daidai, na ce a ba ni hanya. Malamina bai saki wayar hanci ba. Bai ɗaga murya ba, da yatsa kawai ya nuna bayana. Na waiga, ga ƙugiya tana lilo a gadon bayana, ba ta riƙe da komai. Ƙafafuna suka mutu, na ajiye fiffiken na zauna a yashi ina salati. Ya bar ni na huce, sannan ya ce daga yau in maƙala rigar a fiffike tukuna kafin in shige ta, in kuma zan fita in fita daga rigar, ƙugiya ta zauna inda take. Kafin kowane tashi kuma wani ya riƙe hanci, in kwanta sosai har igiya ta ɗauki nauyina, in waiga in gani da idona, in faɗa da baki. Ban taɓa tsallake wannan ba tun ranar.

Sauka ta fi tashi wuya, kuma tun da can haka take. Masu tarihi sun ruwaito cewa Abbas bin Firnas na Andalus ya yi shawagi a ƙarni na 9, amma ya ji ciwo a baya wajen sauka. Ka zaɓi filinka tun kana sama da sauran tsawo. Ka shigo fuska ga iska, ka miƙe tsaye a cikin riga, hannu ya koma kan sandunan gefe, ka ƙara gudu kaɗan, kada ka rage. Ka bi ƙasa kamar kamu biyu ko uku a samanta har gudun ya fara mutuwa, sannan ka tura sama gaba ɗaya, lokaci guda, fiffiken ya tsaya cak ka sauka kan ƙafa. In ka yi wuri zai ɗaga ka ya sake ka, in ka makara za ka ci ƙasa. In kuwa ka ga faɗuwa ba makawa, saki sandunan ka naɗe hannu, domin karayar dantse tana cikin raunukan da aka fi samu, kuma riƙo ne ke jawo ta. Hular kwano da lemar ceto da ke ƙirjin riga ba a tashi babu su.

Yaron ya tambaye ni, "To Kawu, me ya hana ka tashi daga Kufena?" Dalilai ne masu nauyi. Sararin Zariya na ɗaliban Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ne, wadda ke nan tun 1964, ƙananan jiragensu na kewaye garin. Kaduna na da filin jirgi da sansanin sojan sama, ga barikin Jaji a tsakani. Ko ɗan jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto sai da izinin hukumar NCAA mai kula da zirga-zirgar jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, balle mutum sukutum a sama, a lokacin da jami'in tsaro ke da dalilin zargin duk abin da bai gane ba. Sai a nemi izini a rubuce, a sanar da hukumomin tsaro da masu gari. Ga kuma yanayin wurin: muna sama da mita 600 daga teku, zafi na haura digiri 35 da bazara, iska ta yi sirara, gudun tashi ya ƙaru, na sauka ma haka. Filayenmu kunya-kunya ne, da tushiyar kara mai tsini bayan girbi, da suri, da wayoyin lantarki da ba a gani daga sama, kuma gonar mutum ba a faɗa mata sai da yardarsa. Sabon wuri ƙwararru ne ke buɗe shi, su da yawa, da mota a ƙasa da asibitin da aka riga aka sani. Ina da yaƙinin za a yi a jihar nan, kuma idona na kan gefen Kagoro. Shi ya sa nake tara littattafan iska.

Na kuma ce masa kafin ya sayi tikitin ko'ina, ya zauna da mahaifiyarsa ya faɗa mata gaskiyar abin, da daɗinsa da haɗarinsa, ya nemi albarkarta. Ni na yi wa Yaya bayani da kaina, ta ce a fara da dutsen tukuna ta gani.

Yanzu hawanmu bakwai tare. Ya buɗe asusu na tafiya Gana, littafinsa ya kusa rabi. Fitarmu ta ƙarshe a farkon damina ce, muna saman Kufena wajen ƙarfe ɗaya, ni na shagala da wasu shamuwa da ke kewaye ta yamma. Sai ya taɓa ni ya ce, "Kawu, ƙyallen ya juya, kuma iskar ta yi sanyi." Na waiga gabas, ga gindin gajimare ya yi baƙi ƙirin a bayan birni. Muka tumɓuke karan, muka gangaro ta gefen da ba santsi, yana gaba ina biye. Muna shiga rumfar mai shayi a Wusasa iskar ta iso, ta kwashe buhun da aka yi labule da shi, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ya zaro littafin daga cikin riga, ya duba agogo, ya rubuta minti nawa ne tsakanin juyawar ƙyalle da ɗigon farko. Talatin da huɗu.